A Ƙirga Mu Tun Ruwa Bai Zo Ba

Duk wanda ya yi wayo a Sakkwato kafin 2010 yana da labarin da zai ba ka na watan Satumbar wannan shekarar. Nawa na hanyar Kwalkwalawa ne. Ina ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a lokacin, muka wayi gari titin da ya haɗa mazaunin jami'ar na dindindin da cikin gari ya koma gulbi. An sha ruwan malka kamar da bakin ƙwarya, dam ɗin Goronyo ya cika ya batse, aka buɗe ƙofofinsa don kada ya ɓalle baki ɗaya, ruwa ya biyo fadamar Rima ya kwanta a kan shinkafa da gero ana gab da girbi, ya narkar da gidajen laka, ya yanke gada. Da kwale-kwale aka tsallako da mu, kowa da jakarsa a ka, wasu na salati wasu na kuka.

Abin da ya zauna mini a rai har yau shi ne mutanen da suka tsallakar da mu. Masunta ne da matuƙa jirgi na ƙauyukan bakin gulbi, ba wanda ya aika musu takarda, ba wanda ya taɓa rubuta sunansu a wani kundi. Sun san inda ruwa ke da igiya, sun san inda kututture ke ɓoye. Bayan kamar mako biyu na je ƙauyen kakannina na wajen uwa, can gabas, na tarar da wasu jami'ai da biro da takarda suna bi gida-gida. Ɗaki nawa ya faɗi? Rumbu nawa ya tafi? Akuya nawa? Suka rubuta, suka shiga mota. Daga baya aka kawo buhunan shinkafa da tabarmi da bandur na kwano, aka yi rabo, aka yi faɗa a kan rabon.

Wannan ita ce ƙidayar da muka iya. Muna da gwaninta wajen ƙirga hasara. Abin da nake kira a kai shi ne a juya lokacin ƙidayar: a zo da biron da takardar a watan Maris ko Afrilu, ƙasa a bushe, gulbi ya janye har yara na wasa a kan yashinsa, a tambayi mutane abin da zai same su in ruwa ya zo, da abin da suke da shi a hannu na tarbarsa.

Masu aikin agaji suna da suna ga wannan aiki, auna rauni da ƙarfin al'umma. Ƙungiyar Red Cross ta daɗe tana yin sa a ƙasashe da dama, kuma yarjejeniyar rage haɗarin bala'o'i da ƙasashen duniya suka amince da ita a birnin Sendai na Japan a 2015, wadda za ta kai 2030, abu na farko da ta sa a gaba shi ne fahimtar haɗarin kansa. In aka tuɓe wa maganar rigar turanci, mai sauƙi ce. Ruwan sama guda ne ke sauka a kan gidan bulo mai daɓen siminti da kuma ɗakin laka da aka shekara uku ba a yi wa yaɓe ba. Na farko zai kwana lafiya, na biyu zai faɗa wa mai jego da jaririnta. Ruwan bai zaɓi kowa ba. Abin da ya tarar a ƙasa shi ya mai da shi bala'i ga wani, ya zama albarka ga wani. To abin da ruwan zai tarar ɗin, shi ake so a sani tun kafin hadari ya haɗu.

Ba na cewa ba a yin komai. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hukumar kula da koguna ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tun 1999, akwai takwararta ta jiha, kuma a tsari ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitinta na ko-ta-kwana. Sai dai ka duba ma'aunin da ake aunawa da shi. Jihar Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta. In aka ce Goronyo ko Wurno ko Silame na cikin haɗari, an faɗi gaskiya, amma ba a gaya wa kowa komai ba. Mutumin Goronyo ya san Goronyo na bakin ruwa tun kafin a haifi mai hasashen. Abin da ake bukatar sani shi ne wace shiyya ruwa ke fara shiga, ta wace kwalbati, cikin sa'o'i nawa bayan an buɗe dam, kuma wane ne a shiyyar nan ba zai iya gudu da ƙafarsa ba.

Sannan sai sanarwar da muka haddace a rediyo: ana kira ga mazauna bakin gulbi da su tashi su koma kan tudu. Kowace shekara ana faɗi, kowace shekara ba a tashi, daga nan sai a ce mutanenmu taurin kai gare su. Ni ma na taɓa yarda da haka. Wata damina na ce wa kawuna, "Kawu, tunda an yi gargaɗi, me zai hana ku ɗan matsa sama har ruwa ya wuce?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in koma tudu in ci mi? Kuma wane tudu, wanda munka baro ma ɓarayi?"

Tambayoyi biyu ne, kuma babu ɗaya da sanarwar rediyo ta amsa. Fadama ita ce rumbun talakan Sakkwato. Nan yake noma shinkafa da damina, nan yake dasa albasa da tafarnuwa da tumatir da rani, nan dabbobinsa ke samun ɗanyar ciyawa lokacin da tudu ya zama toka. Ruwan da ake ce masa ya guda, shi ke kawo masa laka mai taki. Ga kuma abin da ya ƙaru cikin shekarun nan: a Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, daji ba ya shiguwa. Mutane da yawa sun baro ƙauyukan tudu saboda 'yan bindiga, sun taru a garuruwan bakin gulbi, wasu a kangaye, wasu a azuzuwan firamare, wasu an ba su aron fili a kwari inda ɗan gari ba ya gini domin ya san halin wurin. Gaba kura baya siyaki. Duk tsarin tunkarar ambaliya da bai lissafa da wannan ba, an rubuta shi ne don wata Sakkwato da babu ita yanzu.

Shi ya sa nake ganin aikin ba na baƙo ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tara dattawa a ƙofar gidan mai unguwa, a share ƙasa, a zana taswirar gari da tsinke: ga gulbi, ga masallacin Juma'a, ga maƙabarta, ga rijiyoyi, ga inda ruwan 2010 ya tsaya, ga inda na bara ya tsaya. Za ka sha mamakin yadda tsoho zai gyara wa tsoho, har a tsaya a kan magana ɗaya. Daga nan a koma kan mutane. Gidan wane akwai makauniya. Gidan wance miji ya tafi cin rani kudu, ita kaɗai ce da 'ya'ya shida. Makarantar allon malam wane tana da almajirai arba'in da ke kwana a zaure ɗaya mai rufin azara da gara ta ci, kuma da yake ba 'yan gari ba ne, babu jerin sunaye da suka taɓa shiga. Rijiyar shiyyar gabas ba ta da baki mai tsawo, kuma shaddodi na kusa da ita, ko wane irin ruwa ya kwanta sai ya haɗa su, bayan mako guda amai da gudawa ya ɓulla. Wannan duk ba ya bukatar kwamfuta. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya ɗauke shi.

A nan dole in tsaya a kan mata, domin nan ne ƙidayarmu ke yin ɗingishi. Namiji baƙo ba ya wuce zaure, kuma haka ya dace. Amma abin da ke nufi shi ne rabin gari ba a jin ta bakinsa. Maigida zai gaya maka buhun gero nawa ya noma. Uwargida ce ta san kwana nawa ya rage a rumbu. Ita ta san wa ke da tsohon ciki a shiyyar, wane yaro ne ya rame har wuyansa ya fito. Kuma ranar da ruwa ya shigo da rana tsaka, maza na gona ko kasuwa, matan da ke cikin gida su ne za su yanke shawarar fita ko jira, wata kuma ba za ta fita ba sai da izinin da babu mai ba ta shi a lokacin. Wannan magana ce da ya kamata malamai su warware a wa'azi tun da rani, magidanta su furta da bakinsu: in ruwa ya zo ko wuta ta tashi, kin sami izini, ɗauki yara ki nufi wuri kaza. Ungozoma da malaman Islamiyya mata su ne za su iya shiga ɗaki-ɗaki su yi wannan ƙidayar.

Kada wani ya ce ba mu iya bin gida-gida ba. Mun yi a yaƙi da shan-inna. Babu lungun da masu ɗigon rigakafi ba su shiga ba, suna rubuta lamba da alli a jikin bango, mai unguwa na gaba suna biye, sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi suna tsaye a kan lamarin, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an rabu da ƙwayar cutar ta asali a Najeriya da Afirka baki ɗaya. Tsanin da aka hau a wancan aiki yana nan, daga fada zuwa uban ƙasa, zuwa hakimi, zuwa mai unguwa. Ba a sake jingina shi a wani bango ba ne kawai.

Ɓangare na biyu na aikin, auna ƙarfi, shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi burge ni. Mun saba idan jami'i ya zo kowa ya langaɓe ya nuna ba shi da komai, domin an koya mana cewa mai kuka shi ke samun buhu. Alhali gari ba ya rasa abin hannu. Akwai sarkin ruwa da jiragensa: nawa ne, nawa ke yoyo, mutum nawa kowane ke ɗauka? Akwai lasifikar masallaci mai aiki da batir ko hasken rana, wadda ta fi duk wani saƙon waya saurin tayar da gari da tsakar dare. Akwai 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, masu kaki da horo, waɗanda muke tunawa da su ranar Idi da lokacin tafsiri kawai. Akwai 'yan kabu-kabu, akwai masu amalanken shanu, akwai magina da suka san gyaran indararo. Akwai gayya, akwai adashi, akwai zakkar hatsi da in an tsara ta za ta riƙe gidaje goma a watan da abinci ke yankewa. In an rubuta waɗannan, aka raba aiki tun da wuri, wane kai ke da tsohuwa wance, wane kai ke da kiran sallar da ba ta lokaci ba, to ranar da abin ya zo ba a fara da tambayar wa zai yi me.

Kuma in aka zauna aka tambayi mutane, wani lokaci abin da za su ambata ba shi kake tsammani ba. A watan Afrilun 2022 jirgin ruwa ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara. A watan Mayun 2023, a Shagarin dai, wani ya sake kifewa da yaran da suka fita neman itacen girki. Babu ambaliya a watannin nan, babu hasashen da zai hango su. Raunin a nan shi ne itace ya ƙare a wannan gaɓa sai an tsallaka waccan, jirgin ya tsufa, an cika shi fiye da kima, babu rigar ruwa ko ɗaya. Uwa a ƙauyen za ta gaya maka wannan cikin minti biyu in ka tambaye ta abin da ke hana ta barci.

Cikin birni ma haka. Mutumin Mabera ba ya jiran gulbi, ruwan sa'a biyu ya ishe shi, domin lambatu ya toshe da leda kuma an yi gini a kan hanyar ruwa. Gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ta nuna mana abin da ke faruwa in rumfuna suka cinye hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga sanƙarau da ke biyo shi, wanda a 2017 ya yi ɓarna sosai a Sakkwato da Zamfara da maƙwabtansu. Shi kansa dam ɗin Goronyo, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, wanda ya cika har ya tsorata mu a 2010, a 2018 janyewa ya yi har aka shiga fargabar ruwan sha a birni. Bala'inmu ba kala ɗaya ba ne, kowace unguwa da nata.

Na san abin da za a ce mini. Na farko, ƙaddara. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma ba na son yadda wasu 'yan boko ke ɗora duk laifi a kan tawakkalin talaka. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya kawo mana ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda ya tara hatsin shekara bakwai saboda yunwar da ba ta zo ba tukuna. Addinin nan dai shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kakanninmu da suka sha yunwar Kakalaba a 1914, da iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984, ba don rashin imani suke ajiye rumbun da ba a buɗewa sai uwar bari ba.

Magana ta biyu ta fi nauyi: da zarar an fito da takarda, mutane za su ɗauka rabo ne, gida ɗaya ya zama uku, ɗan siyasar mazaɓa ya cusa sunayen magoya bayansa. Gaskiya ne, na gani da idona. Maganinsa a wurina abu biyu ne. A faɗa tun farko cewa babu ko mudu ɗaya a bayan wannan rubutu. Sannan a karanta abin da aka rubuta a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, domin ƙarya ba ta jure kunnen maƙwabci. Akwai kuma haɗarin da masu tsara irin wannan aiki daga nesa ba za su tuna ba: a yankin da 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto, littafin da ya nuna wa ke da shanu, wa ke da rumbu cike, takardar hukuncin kisa ce. Don haka kada a rubuta dukiyar kowa. A rubuta wanda ke bukatar a ɗauke shi, da wanda zai ɗauke shi, da inda za a kai shi.

Ta uku kuwa ni kaina ina jin tsoron ta. Kada wannan kira ya zama wa gwamnati hanyar zare hannu, a ce ai al'umma ta shirya kanta. Mai unguwa ba zai yashe dam ba. Gayya ba za ta gina magudanar Mabera ba, ba za ta tsare tudu daga ɓarayi ba. Amfanin littafin shi ne ya zama hujja a hannun gari. Maimakon a je wa shugaban ƙaramar hukuma da "a taimaka mana", sai a je masa da cewa kwalbati kaza ce ke mayar da ruwa cikin gari, rijiya biyu ke bukatar a ɗaga bakinsu, rigar ruwa talatin muke nema, kuma ajin da za mu fake a ciki ba shi da rufi. Kuɗin waɗannan bai kai na tirela ɗaya ta kayan agaji ba. Illa dai ba a ɗaukar hoto da kwalbatin da ta hana ambaliya, shi ya sa ba ta da farin jini wurin masu mulki.

Abu ɗaya da zan roƙi gwamnatin jiha da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima su ɗauka a wuyansu shi ne sarƙar sanarwa. Ruwan da aka saki daga Goronyo, ko daga Bakolori ta gulbin Sakkwato, ba ya isa ko'ina lokaci guda. Yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kai garuruwan ƙasa. Waɗannan sa'o'in dukiya ne. A ce kowane gari da ke bakin hanyar ruwan yana da mutum biyu sanannu da za a kira kafin a taɓa ƙofar dam, su kuma su sa a buɗe lasifika, Rima Radiyo ta maimaita da Hausa da Fulfulde da Zabarmanci. A riƙa gwada lambobin nan kowane watan Yuni, a ga wace ke shiga, wane ya rasu, wane ya sayar da wayarsa.

A ƙauyen kakannina akwai wata tsamiya a bayan masallaci. Bayan ruwan 2010 ya janye, kawuna ya sa gatari ya sare ɓawonta daidai inda ruwan ya tsaya, ya kai ƙirjin babban mutum. Daga baya ya ƙara sara biyu a ƙasa da wannan, na shekarun da ruwa ya sake shigowa. Duk wanda zai yi sabon gini a shiyyar, sai ya je ya dubi tsamiyar nan kafin ya haƙa tushe. Jami'ai sun zo garin sau uku da takardunsu tun daga lokacin, kullum bayan ruwa, kuma a inuwarta ake shimfiɗa musu tabarma. Kawu ya ce har yau ba wanda ya ɗaga kai ya tambaye shi ko saran mene ne.